Dick Tiger: Gajeren da Ya Koyi Shiga Jikin Dogo

Idan aka ce ɗalibin makarantar nan ya faɗi sunan babban ɗan damben zamani, abin da zai fara zuwa bakinsa Muhammad Ali ne ko Mike Tyson, 'yan baya-bayan nan kuma su ce Anthony Joshua. Da wuya ka ji wanda zai ambaci Dick Tiger. Alhali kuwa ɗan Najeriya ne, haihuwar nan, girman nan. Ya riƙe kambun duniya a aji biyu, kuma a garin Ibadan ya kare kambunsa, shekara 11 kafin Ali da George Foreman su je Kinshasa su yi wasan nan da har yau ake maganarsa.

Tsawon Tiger ƙafa 5 ne da inci 8, wato kusan santimita 173. A ajin da ya yi wasa, wannan ba tsawo ba ne. Da yawa daga cikin abokan karawarsa sun fi shi tsawo, ko tsawon hannu, ko saurin ƙafa. Don haka shekara 18 ɗin da ya yi yana dambe, daga 1952 zuwa 1970, matsala ɗaya ya yi ta fama da ita: yadda gajere zai isa jikin mutumin da hannunsa ke riga isowa, ba tare da an kwantar da shi a hanya ba. Nasarorinsa a nan suke, faɗuwarsa ma a nan take.

Lissafin tazara

Bari mu fara da lissafi, tunda mu dai 'yan foli ba a raba mu da shi. Idan mutum biyu suka fuskanci juna za su yi faɗa, wuri uku ne kawai za su iya tsayawa. Na farko shi ne nesa, inda ba wanda hannunsa ke kaiwa ga wani. Na biyu shi ne kusa, goshi da goshi, inda dogon hannu ba ya samun filin miƙewa, sai ya zame wa mai shi kaya. Na uku shi ne tsakanin biyun, inda hannun dogo yake kaiwa amma na gajere bai kai ba. Wannan wurin faɗinsa bai wuce taku ɗaya ba, amma fa nan ne ake jin jiki.

Dalili kuwa shi ne, naushi ya fi nauyi daf da hannu zai gama miƙewa, lokacin da ya gama tara gudu, nauyin jiki kuma ya bi bayansa. In kuma kana tahowa gaba sanda ya same ka, gudunka ya haɗu da nasa, kamar mota biyu da suka yi taho-mu-gama. Shi ya sa dogo yake son ya ajiye ka a wannan wurin yana zungurinka da hannun gaba. In ka matso ya ja baya, in ka tsaya ya ƙara maka. Wanda ya taɓa kallon damben gargajiya ya san abin: hannun da ba a ɗaure ba shi ake miƙawa a auna mutum, ɗaurarren kuma yana baya yana jiran ka shigo. Gajere ba shi da zaɓi, dole ya ratsa ta wurin. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi ratsawa da ƙaramar asara.

Daga Amaigbo zuwa Aba

Ainihin sunansa Richard Ihetu. An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1929, a Amaigbo, cikin ƙasar Ibo, a jihar Imo ta yanzu. Gidansu manoma ne, ba masu hali ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, bai yi nisa a boko ba ya tafi Aba neman na kansa. A can ya shiga kasuwa, yana tattara kwalabe yana sayarwa.

A Aba ya fara dambe, a 1952 kuma ya mai da shi sana'a. Shi Dick, yadda Turawan Ingila ke taƙaita Richard ne. Tiger kuwa, wato damisa, ana ba da labarin cewa wani Bature ne ya ga yadda yake daka tsalle yana faɗa wa abokin karawa, sai ya laƙaba masa. Ka ga ke nan tun farko matsalar tazara ce ta ba shi suna. Tunda hannunsa ba ya kaiwa, sai ya yi tsalle ya kai. A gida ƙarfinsa ya rufa masa asiri, ya ci yawancin wasanninsa.

Liverpool ta koya masa tafiya

A ƙarshen 1955 ya tafi Liverpool, garin da mu yanzu ƙwallo kawai muka sani a cikinsa. A lokacin akwai 'yan damben Najeriya a can, cikinsu har da Hogan Bassey ɗan Kalaba, wanda a 1957 ya ci kambun duniya a Faris, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya yi hakan. Tiger ya tarar da sanyi, da abincin da bai saba ba, ga aiki a masana'antar fenti, ga atisaye bayan an tashi. Wasanninsa huɗu na farko a Ingila, duka huɗun ya faɗi da maki.

Ba wai dukansa aka yi har ya kwanta ba. 'Yan damben Ingila sun taso ne da miƙaƙƙen naushin hagu da ja da baya, kuma irin wannan salon alƙalansu suka fi ba maki. Tiger zai kawo hari, su goce, su zungure shi, ya sake kawowa, su sake gocewa. Shi mai tsalle, ƙafarsa na barin ƙasa ya rasa birki ya rasa sitiyari. Ba ya iya canza hanya, ba ya iya sunkuyawa, in ya sauka kuma sai ya ɗauki lokaci kafin ya daidaita. Da wani ne, tuni ya tattara ya koma Aba ya ci gaba da kwalabensa. Shi kuwa ya zauna ya sake koyon tafiya.

Abin da ya koya yana nan a tsofaffin bidiyonsa da ke YouTube, kowa zai iya gani. Hannu biyu a sama, haɓa a sunkuye, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Takunsa gajeru ne, ƙafar gaba ta fara, ta baya ta biyo, ba ya harɗe su. Ba ya shiga haka kawai. Yakan bari abokin karawa ya saki hannu, ya kauce kaɗan ko ya tare da safar dambe, sannan ya bi hannun yayin da yake komawa. Wannan ɗan lokacin da hannu ya fita bai dawo ba, shi ne ƙofar. In ya samu shiga, haƙarƙari yake nema da lanƙwasasshen naushin hagu. Sai mutum ya sauke hannu zai kare cikinsa, sannan Tiger ya hau sama.

A watan Mayun 1957 aka kawo shi Landan ya kara da wani matashi mai tashe, Terry Downes. Masu shirya wasan sun ɗauka tsani suka samo wa yaronsu. Tiger ya yi masa dukan da sai da aka tsayar da wasan. Kuma Downes ɗin ba kanwar lasa ba ne, domin a 1961 shi ma ya ci kambun duniya. Ranar 27 ga Maris, 1958, Tiger ya kwantar da Pat McAteer a turmi na tara a Liverpool, ya zama zakaran ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a ajin matsakaita nauyi, wato waɗanda ba su wuce kilo 72 da rabi ba. A 1959 ya ƙetare zuwa Amurka, inda kuɗin da manyan 'yan wasan suke, ya koma hannun manaja Jersey Jones da mai horarwa Jimmy August.

Wanda ya kawo kansa

Mai riƙe da kambun duniya a lokacin Gene Fullmer ne, ɗan jihar Utah, mutumin da ya taɓa doke Sugar Ray Robinson. Fullmer bai san ja da baya ba. Shigowa yake yi kamar bijimi, ya ture ka, ya danne ka a jikin igiya, ya yi ta jibgarka har ka gaji. Ranar 23 ga Oktoba, 1962, suka haɗu a San Francisco, turmi 15, kowane turmi minti uku. Fullmer ya yi abin da ya saba, ya taho. To ai Tiger abin da yake nema ke nan, ba sai ya ratsa komai ba, an kawo masa har gida. A ƙarfi bai turu ba, a gajeren naushi kuma ya fi Fullmer tsabta. Duka alƙalan suka ba shi. Mai sayar da kwalabe ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 33.

A watan Fabrairun 1963 suka sake haɗuwa a Las Vegas, sai Fullmer ya canza rawa. Ya daina shigowa, ya koma zagaye da ja da baya. Mutumin da ba sana'arsa ba ce gudu, amma da wannan kaɗai ya kai wasan canjaras. Kambu ya zauna a hannun Tiger, tunda ba a karɓe kambu da canjaras. Sai dai duk mai ido ya ga inda lagonsa yake.

Karo na uku a gida aka yi shi, ranar 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty da ke Ibadan. Ƙasar ba ta cika shekara uku da samun 'yancin kai ba, kuma gwamnatin tarayya da gwamnatocin yankuna ne suka haɗa kuɗi don a kawo wasan. Mutum wajen dubu 30 suka hallara. Wannan karon Tiger bai ba shi sarari ba. Fuskar Fullmer ta fashe, bayan turmi na bakwai manajansa ya ce a tsaya haka nan. Fullmer bai sake shiga fage ba har ya mutu. A shekarar ce kuma Ingila ta ba Tiger lambar girmamawa ta MBE.

Wanda ya ƙi tsayawa

Wata huɗu kacal bayan Ibadan, ranar 7 ga Disamba, 1963, Tiger ya je Atlantic City kare kambu da Joey Giardello. Sun san juna, sun kara sau biyu a 1959, kowa ya ci ɗaya. Giardello tsohon hannu ne, kuma ya ga abin da Fullmer ya yi a Las Vegas. Turmi 15 cur ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya zungura, ya goce gefe, ya zungura, ya goce. Tiger yana ta binsa yana jiran ya tsaya a yi musaya, shi kuwa ba don haka ya zo ba. Aka tashi, Giardello ya tafi da kambu.

A nan akwai darasin da ya kamata a tsaya a kai. Bin mutum daban, tare masa hanya daban. Duk wanda aka taɓa sa shi kama kaza a tsakar gida ya san wannan. In ka bi ta a baya, sai ku yi ta zagaya gidan har ka gaji, tazarar da ke tsakaninku ba ta ragu ba. Wanda ya iya, gefe yake takawa, ya tsaya tsakaninta da fili, ya kora ta lungu. Fagen dambe kusurwa huɗu gare shi, an zagaye shi da igiya. Mai bin baya yana maimaita da'irar da abokin karawarsa ya zana ne. Mai tare hanya kuwa yana nufar inda mutumin zai je, ba inda yake ba, hanyarsa ta fi gajarta, kuma kowane taku yana rage wa mai gudu fili. Sannan akwai dukan ciki. Ba ya burge 'yan kallo, amma shi ke cire wa mai gudu ƙafa. Wanda aka daki haƙarƙarinsa a turmi na uku, a turmi na goma yake biyan bashin.

Giardello ya ja masa rai kusan shekara biyu kafin ya yarda su sake haɗuwa. A tsakanin, a watan Oktoban 1964, wani mai saurin ƙafa da ake kira Joey Archer ya sake cin Tiger da maki ta wannan hanyar, duk da kan alƙalan ya rabu. Amma da aka haɗa shi da Rubin Carter a watan Mayun 1965, wanda ake wa laƙabi da Hurricane, wanda daga baya Denzel Washington ya fito a matsayinsa a fim, labari ya sha bamban. Carter mai tsayawa ne a yi ta ta ƙare. Sau uku Tiger ya kai shi ƙasa a wasan. Abin a fili yake: wanda ya tsaya ya sha kashi, wanda ya gudu ya tsira.

Ranar 21 ga Oktoba, 1965, a zauren Madison Square Garden da ke New York, aka yi karo na huɗu da Giardello. Tiger yana da shekara 36. Wannan karon bai jira ba, tun turmin farko ya matsa masa, ya hana shi filin zagayen da ya samu a baya. Duka alƙalan suka ba Tiger, kambu ya dawo. Mujallar The Ring, wadda ita ce babba a harkar dambe, ta zaɓe shi gwarzon shekara a 1962, ta sake zaɓarsa a 1965.

Bai daɗe da kambun ba. Ranar 25 ga Afrilu, 1966, Emile Griffith, wanda ya hauro daga ajin ƙasa, ya fi shi sauƙin jiki da sauri, ya karɓe shi da maki. A turmi na tara na wasan ne aka fara kai Tiger ƙasa a rayuwarsa ta dambe, bayan shekara 14 yana yi. Yawancin 'yan jaridar da ke bakin fage sun ga kamar Tiger ne ya ci, amma ba su ne alƙalai ba.

Hawa ajin manya

Mutum mai shekara 37 da aka karɓe wa kambu, kowa ya ɗauka ajiye safa zai yi. Sai ya hau aji na gaba, na masu kilo 79 da ɗoriya, inda mutanen suka ƙara tsawo da nauyi, wato tazarar ta ƙaru ke nan. Mai kambun ajin José Torres ne, ɗan Puerto Rico, ɗalibin Cus D'Amato, wanda daga baya ya raini Mike Tyson. Torres ya fi Tiger tsawo, ya fi shi nauyi, kuma Tiger ya girme shi da kusan shekara bakwai. Ranar 16 ga Disamba, 1966, Tiger ya shiga fage bai kai kilo 76 cikakke ba, ya liƙe wa Torres, ya yi ta aiki a cikinsa, ya ci da maki. A watan Mayun 1967 ya sake cinsa da ƙyar, har magoya bayan Torres suka yi ta jifa da kwalabe da kujeru. A watan Nuwamba kuma ya tsayar da Roger Rouse a turmi na 12 a Las Vegas.

Yana cin waɗannan wasannin, gida yana ci da wuta. Juyin mulkin Janairun 1966 ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa da wasu shugabanni, na watan Yuli ya biyo baya, sannan aka yi kashe-kashen da dubban 'yan ƙabilar Ibo suka rasa rayukansu a Arewa, saura suka gudu gida. Ranar 30 ga Mayu, 1967, Ojukwu ya yi shelar Biyafara, a watan Yuli yaƙi ya ɓarke. Tiger ya bi ɓangaren Biyafara, bai ɓoye ba. Aka ba shi muƙamin laftanar, ya riƙa horar da sojojinsu motsa jiki, a Amurka kuma ya nemi a riƙa gabatar da shi a matsayin ɗan Biyafara. Ba sai mutum ya yarda da matsayinsa ba kafin ya fahimci cewa iyalinsa da danginsa suna cikin yankin da ake ruwan bama-bamai, yunwa kuma tana kashe yara. Dukiyar da ya tara da gumi, gidaje da kadarori, yaƙin ya ci yawancinta.

Inci takwas

A cikin wannan halin aka yi masa tayin dala dubu 100 ya kare kambu da Bob Foster. Ya karɓa. Foster tsawonsa ƙafa 6 da inci 3. In ya buɗe hannuwansa, daga yatsa zuwa yatsa inci 79 ne, na Tiger kuwa 71. Bambancin inci takwas ke nan, kusan santimita 20. Kuma Foster ba irin su Giardello ba ne da ke zungura don tara maki. Naushinsa ɗaya yana iya gama wasa.

Ranar 24 ga Mayu, 1968, a New York, Tiger ya fara da kyau, ya samu shiga a turmin farko. Daga nan Foster ya gane awonsa, ya fara ajiye shi a ƙarshen hannu. A turmi na huɗu, Tiger yana neman hanyar shiga kamar yadda ya yi sau dubbai, Foster ya tarbe shi da lanƙwasasshen hagu a haɓa. Ya faɗi ta baya. Ya yi ƙoƙarin tashi, alƙalin wasa ya riga shi kaiwa goma. A wasa 82 da ya yi a rayuwarsa, wannan ne kaɗai aka ƙirga masa goma.

Ba wai ya manta dabararsa ba ne. Dabarar shiga jiki rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi. Duk shiga ɗaya caca ce, ƙwarewa tana sa ka ci yawancinsu, amma ba duka ba. Ga mutum mai shekara 38, ga tazarar inci takwas, ga mai naushi irin na Foster, kuskure ɗaya ya isa. Gaba da gabanta.

Ƙarshen tafiya

Bai ajiye ba tukuna. A watan Oktoban 1968 ya kara da Frankie DePaula, aka kai shi ƙasa sau biyu a turmi na biyu, ya tashi ya kai DePaula ƙasa sau biyu a turmi na uku, ya ci da maki. The Ring ta zaɓi wannan a matsayin wasan da ya fi kowane a shekarar. A watan Mayun 1969, saura 'yan watanni ya cika 40, ya doke Nino Benvenuti ɗan Italiya, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambun matsakaita nauyi, sai dai ba a sa kambun a wasan ba. A shekarar ce ya mayar wa Ingila lambarta ta MBE, saboda makaman da take ba gwamnatin tarayya. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970. A watan Yuli ya yi wasansa na ƙarshe, Griffith ya sake cinsa da maki. Jimilla ya ci 60, ya faɗi 19, canjaras 3.

Mutumin da dubban jama'a suka yi wa tafi a Ibadan ya koma aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. A 1971 ciwo ya kama shi, likitoci suka gano kansar hanta ce. Ya nemi ya dawo gida, gwamnatin Janar Gowon ta bar shi ya dawo. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42. A 1991 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwarazan damben duniya da ke Amurka.

Abin da za mu ɗauka

Ga 'yan uwa da ke atisayen dambe, ko karate, ko takwando, ko judo, rayuwar mutumin nan ta bar abubuwa a sarari. Da ƙafa ake cin tazara, ba da zuciya ba. Tsalle da fushi sun ba shi suna a Aba, amma a Liverpool sau huɗu a jere suka kayar da shi. Kada ka shiga sai hannun abokin karawa ya fita, ko ka sa shi ya fitar. Kada ka bi mai gudu a baya, tare shi. In ka shiga kuma ka yi aiki, kada ka tsaya kallo, in ka gama ka fita ta gefe. Wurin da ya fi kowane muni shi ne tsakiya, kuma nan ne ɗan koyo yake tsayawa yana shawara.

Sai kuma gargaɗi, domin na san akwai masu karanta wannan suna tunanin hanyar hostel da daddare. Duk abin da Tiger ya yi, a fage ya yi shi, da safa, da alƙali, da likita, da abokin karawa ɗaya da aka auna nauyinsa. A titi ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai ƙwacen waya da wuƙa yake zuwa, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne. Shiga jikin mai wuƙa kai kanka ne ka kai masa, domin ita wuƙa ba ta buƙatar filin miƙewa kamar naushi, a kusa ma ta fi ɓarna. A nan lissafin juyawa yake yi: wurin da kake nema shi ne na farko, wato nesa. Miƙa wayar, ka ja baya, ka nufi inda haske da mutane suke. Ana sayen wata wayar. In zakaran duniya da ya shekara 16 yana koyon shiga an iya tarbarsa da naushi ɗaya, ina ga wanda ya yi wata uku yana atisaye?

Da daraktan wasanni na ƙungiyarmu zai ware dare ɗaya a ɗakin taro, a haska mana wasan Tiger na farko da Fullmer, sannan a biyo da na Foster, da an yi abin kirki. Kafin nan, duk mai data ya nemo su ya kalla. Shawarata ɗaya ce: a kallon farko kowa hannu yake bi, to a na biyu ka sauke ido ka kalli ƙafafunsa.